Yadda ake mayar da takarda ta zama bidiyon maganar hannu saboda 'yan uwanmu kurame

Ƙanina kurma ne, sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara biyu tun muna gida kafin mu dawo Legas, matarsa ma kurma ce, a Agege suke zaune kusa da mu. Lokacin da suka samu haihuwar fari aka basu katin rigakafi da wata takarda mai shafi biyu cike da turanci, ya ninke ta ya saka a aljihu, sai da ranar allurar sati goma ta wuce da kusan wata guda sannan na sani. Da na tambaye shi sai ya nuna min da hannu cewa Yaya ai na karanta, kalmomin na gane su ɗaya bayan ɗaya amma abin da suke nufi a haɗe ne ban gane ba, kuma kunya nake ji kullum ina kawo maka takarda kamar ƙaramin yaro. Wallahi maganar nan ta daɗe tana cin raina, saboda ni ɗin nan shagon buga takardu ne da ni, kullum cikin fasta da katin biki da takardar sanarwa nake, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa abin da nake bugawa bai isa ga ɗan uwana ba.

Mutane da yawa suna ɗauka ai kurma idonsa lafiya lau, toh takarda ina ruwanta da kunne. Abin da ba a lura da shi shi ne rubutu hoton magana ne, mu da muke ji mun iya yaren tun a goye kafin a nuna mana baƙi da wasali, shi kuwa wanda aka haifa kurma ko ya rasa ji kafin ya fara magana yarensa na farko hannu ne da fuska, rubutaccen turanci ko Hausar boko kamar baƙon yare ne da ya koya a aji ba tare da ya taɓa jin sautinsa ba. Akwai kuramen da suka fi ni da kai karatu, har da masu digiri, musamman waɗanda suka rasa ji bayan sun girma ko suka dace da makaranta mai kyau da wuri, amma akwai da yawa da doguwar jimla ke ɓatar da su, kuma su ne ba sa faɗa. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da muke bi yanzu ni da ƙanina da abokansa, waya ɗaya ta ishe ka da ɗan data, sai haƙuri.

Kafin ka taɓa waya, fara sanin wa kake yi wa aikin. A nan Legas kuramen da ke cikin Hausawa kashi biyu ne a yadda na gani. Akwai waɗanda suka yi makarantar kurame, ko a nan irin su Wesley da ke Surulere, ko a arewa irin ta Tudun Maliki a Kano, su yaren hannu na makaranta suke yi, wanda asalinsa daga na Amurka ya samo tushe, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster ne ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960 kuma daga nan abin ya bazu. Sannan akwai maganar hannu ta Hausawa, wadda kurame ke yi a Kano da sauran garuruwanmu tun kafin zuwan makarantun nan, ita kanta yare ce mai zaman kanta, kuma da yawa daga cikin masu zuwa ci rani Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba ita kaɗai suka iya. In ka yi bidiyo da na makaranta ka kai wa wanda bai taɓa shiga aji ba, kamar ka yi wa Bahaushe bayani da Yarbanci ne. Wani abin kuma da ya ba ni mamaki, ƙanina ya fi gane turanci a rubuce a kan Hausa, saboda da turanci aka koyar da shi, duk da a gidan Hausawa ya tashi. Don haka kar ka yanke hukunci da kanka, ka samu mutum biyu ko uku daga cikinsu ka tambaye su wane yare suke so a bidiyo, wanne kuma a rubutu. Wani lokacin dole sai an yi bidiyo biyu.

Mataki na gaba shi ne ɗauko rubutun daga jikin takardar. In kai ka rubuta ta kana da ita a kwamfuta shikenan ka huta. In kuma bugaggiya ce aka baka, shimfiɗa ta a kan tebur kusa da taga, kar ka kunna fitilar kyamara musamman in takardar mai sheƙi ce, ka riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, ka ɗauka da Google Lens ko Adobe Scan ko CamScanner, duk suna iya ciro rubutu daga hoto ka kwafe shi. Amma ka zauna ka bi shi layi layi da takardar a hannunka, domin in Hausa ce baƙaƙen nan masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ sau da yawa suna komawa k da d da b ko ma wata alama daban, kuma lambobi ma suna rikicewa, 1 ta zama l, 0 ta zama O, a takardar magani ko ranar asibiti kuwa wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. In wayarka ba ta da baƙaƙen Hausa, shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa. In jarida ce ko littafin wani zaka juya ka yaɗa, nemi izinin mai shi tukuna.

Yanzu aikin da yafi kowanne cin lokaci, sauƙaƙa rubutun. A nan ne yawancin mutane ke gaggawa kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ka karanta takardar gaba ɗaya ka tambayi kanka, me ake so mutum ya yi, yaushe, a ina, me zai riƙe, nawa zai biya, me zai faru in bai yi ba. Amsoshin nan su ne zasu zo farko, gaisuwa da godiya ga shugabanni da dogon tarihi su koma ƙarshe ko a cire su. Takardar rigakafin nan da na faɗa, da muka zauna muka tace ta, shafi biyu ya dawo layi kaɗan: allura ranar haihuwa, a dawo in jariri ya kai sati 6, a dawo sati 10, a dawo sati 14, sannan wata 9 a zo a yi ta ƙyanda da ta shawara, a duba kati ko akwai wata ranar bayan nan, a riƙa zuwa da katin kullum, in jikinsa ya ɗan yi zafi bayan allura ba abin tsoro ba ne amma in ya yi tsanani a koma asibiti. Kowace jimla magana ɗaya. Kar ka ce "kada a kasa zuwa", ce "a zo", domin kore kan kore yana ruɗarwa. Kar ka saka karin magana ko habaici, mu suna mana daɗi a kunne amma a rubuce ga wanda bai taɓa jin su ba sai ya ɗauke su a zahirinsu. In ka kira abu da suna ɗaya a layin farko ka riƙe sunan har ƙarshe, kar yau kace asibiti gobe kace cibiyar lafiya, zai ɗauka wuri biyu ne. Rana kuma a rubuta ta cikakkiya, sunan rana da kwanan wata da shekara, "mako mai zuwa" ba ta da amfani ga wanda takarda ta kwana goma a aljihunsa. In maganar lafiya ce ko ta shari'a ko kuɗi, bayan ka sauƙaƙa ka nuna wa ma'aikacin lafiya ko wanda ya san fannin ya duba, don kar wajen gajartawa ka yar da abin da bai kamata a yar ba, mu wata nas ce 'yar unguwarmu ta duba mana namu.

Ka haɗa da hotuna na gaske, hoton katin kansa, hoton ƙofar wurin da za a je, hoton kwalin maganin, gani ya kori ji. Kuma don Allah duk takardar da aka rubuta "a kira wannan lamba" a ƙara lambar da za a iya tura saƙon tes ko WhatsApp, kuma a samu wanda zai riƙa amsawa, wannan kaɗai in masu buga sanarwa suka gyara sun rage wa kurame rabin wahala.

Sai batun wanda zai tsaya gaban kyamara. Ra'ayina a nan ba ya canzawa, kurma ne ya kamata ya yi, wanda kurame 'yan uwansa suka yarda hannunsa yana fita. Ni shekara da shekaru nake magana da ƙanina da hannu amma bidiyon farko da na yi da kaina da na nuna wa abokansa sai suka yi shiru suna kallon juna, ashe Hausa nake yi da hannu kalma bayan kalma, fuskata kuma a daskare, alhali a yaren hannu fuska tana cikin nahawu, ɗaga gira da girgiza kai da yanayin baki su ke nuna tambaya ce ko hani ne ko gargaɗi. In akwai tafinta ƙwararre ya zauna tare da shi su fahimci takardar tare, tafintocin Najeriya suna da ƙungiyarsu ASLIN, kurame ma suna da tasu ta ƙasa wato NNAD, a nan Legas kuma akwai ofishin gwamnatin jiha mai kula da masu buƙata ta musamman, LASODA, duk wuraren da za a iya tambaya ne. Ka ba shi rubutun kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, kar ka tilasta masa bin jerin kalmominka, ka bar shi ya faɗi ma'anar yadda ake faɗinta a yarensa. Kuma ka biya shi, aiki ne kamar na mai zane da mai firinta, ba taimako kake masa ba, sannan ka nemi yardarsa a kan inda fuskarsa zata bayyana, musamman in mace ce, in matar aure ce maganar ta kai ga mijinta tun kafin ranar ɗauka.

Ɗaukar bidiyon ba wuya in ka kiyaye 'yan abubuwa. Bango ya zama fili mai launi ɗaya, mu yadin shadda mai ruwan toka mara zane muke kafawa da ƙusa a bangon shago. Riga ma mai launi ɗaya wadda ta bambanta da fatar hannunsa, mai duhun fata ya saka mai haske, banda atamfa mai zane da babbar riga mai faɗin hannu da agogo da zobba masu ƙyalli, mace mai hijabi ta saka wanda hannunta ke fita sarai. Haske ya fito daga gabansa, kar taga ta kasance a bayansa sai ya koma inuwa, mu da safe wajen ƙarfe tara muke yi a bakin ƙofa saboda ba a dogara da NEPA, ƙarar janareta da hon ɗin motocin haya na danfo kuwa ba su dame mu ba tunda sautin cirewa zamu yi. Wayar a kafe take, ko a kan sandarta mai ƙafa uku irin wadda ake sayarwa a kasuwar wayoyi ta Computer Village ko a jingine da littattafai, kar a riƙe a hannu. Hoton ya ɗauko shi daga ɗan sama da kai zuwa ƙugu, da fili a dama da hagu, ka sa ya miƙe hannuwansa ya gwada kafin a fara don ka tabbata ba inda yatsa ke fita daga hoto. Ka saita kyamara a 720p ko 1080p, firem 30 a daƙiƙa, ƙasa da haka yatsu suna dishewa lokacin da yake harhaɗa baƙaƙe. Ka goge gilashin kyamara. Ka ɗauka gutsure gutsure, kowane batu nasa, minti ɗaya zuwa biyu, in ya yi kuskure a maimaita wannan gutsuren kawai.

Wajen tacewa CapCut ko InShot sun isa. Yanke farko da ƙarshe amma ka bar daƙiƙa ɗaya kafin ya ɗaga hannu da bayan ya sauke. Saka rubutu a ƙasa, layi biyu iyaka, fari a kan baƙin zirin bango, ya zauna ƙasa da inda hannu ke yawo, kuma tunda ba murya a bidiyon da hannu zaka rubuta shi, ka bar kowane layi ya daɗe yadda mai karatu a hankali zai gama. Lokacin da ya ambaci kati, hoton katin ya fito a gefe ko kuma a tsayar da shi a nuna hoton sannan ya ci gaba, domin ido ɗaya ne ke aikin kallon hannu da karatu da duba hoto, in ka tara su lokaci guda dole ya rasa ɗaya. Banda kiɗa da walƙiya da rubutu mai tsalle.

Kafin ka ɗora ko'ina, gwada shi a kan kurame biyu ko uku waɗanda ba sa wurin lokacin da aka ɗauka. Kar ka tambaye su kun gane, zasu ɗaga kai saboda kara, haka suka saba yi wa masu ji tun suna yara. Ce musu su maimaita maka abin da aka ce, ko ka tambaya yaushe za a koma asibiti, me za a riƙe. Mu a gwajin farko matar ƙanina ce ta kama mu, alamar da aka yi ta sati ta fito da sauri har sati ya koma kamar wata, da mun saki haka da mun tura mutane allurar sati 10 a wata na goma. Sake ɗaukar wannan wurin muka yi, a hankali, da lambar a rubuce a gefe.

Toh sai haɗa bidiyo da takarda, a nan lambar QR ke shigowa, wannan murabba'in mai ɗigo ɗigo da kake gani a jikin kaya, wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a 1994. Ɗora bidiyon a YouTube, in ba ka so kowa ya gan shi a bincike ka zaɓi Unlisted, wato sai mai adireshin kaɗai. Buɗe adireshin a Chrome, danna wurin rabawa, zaka ga inda zai haɗa maka lambar QR kyauta, sauke ta. Ina jan kunne a nan saboda ya taɓa cina: akwai shafukan da ke baka lamba mai kyau da ado amma ta cikin nasu adireshin take bi, bayan 'yan kwanaki sai su rufe ta sai ka biya kuɗin wata wata, mun buga fasta ɗari biyu mun manna a masallatai da bakin kasuwa, sati biyu duk suka mutu, sai sitika muka buga muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna liƙawa a kai. Ka yi wadda adireshinka ne kai tsaye a cikinta, kuma ka sani in ka goge bidiyon ka sake ɗora wani adireshi ya canza, lambar da ke jikin takarda ta tashi aiki, shi yasa gwaji ke zuwa kafin bugu.

A takardar hannu kar lambar ta gaza santimita biyu da rabi kowane gefe, a fasta ta bango kuwa ka auna nisan da mutum zai tsaya ka raba goma, in mita ɗaya ne ta kai santimita goma. Baƙa a kan fari, da farin fili zagaye da ita, kar a ɗora ta a kan hoto ko a wurin da ake ninke takarda. Kusa da ita a saka ɗan hoton hannaye biyu ko hoton mai bayanin yana cikin yi, da gajeren rubutu cewa akwai bidiyon maganar hannu a nan, in ba haka ba kurma zai ɗauka lambar biyan kuɗi ce ya wuce. In Shomolu ko Mushin zaka kai bugu ka ce a fitar maka da kwafi ɗaya tukuna, ka gwada shi da waya uku har da tsohuwa mai tsagaggen gilashi, domin masu haɗa shafi suna da halin matse lambar don su samu wurin saka tambarin mai ɗaukar nauyi. Wadda zata kwana a waje a yi mata laminetin mara sheƙi saboda ruwan Legas.

Kar ka tsaya a kan QR kaɗai. Ba kowa ke da data ba, wasu wayoyin ma kyamararsu ba ta karanta lambar sai an buɗe Google Lens, don haka ranar rabon takarda a samu wanda zai nuna yadda ake yi sau ɗaya a gabansu. Ka matse bidiyon ya dawo kamar MB 20 zuwa 30, ka tura a guruf ɗin kurame na WhatsApp, kusan kowace unguwa suna da shi kuma labari a cikinsa ya fi rediyo gudu, in ka ga WhatsApp ya dusashe yatsun ka tura shi a matsayin fayil. Sauran kuma a basu ta Xender ko Bluetooth a inda suke taruwa, mu ranar Juma'a bayan an sauko ne, akwai gindin wata rumfa da suke zama, waya ɗaya ta karɓa kafin la'asar kowa ya samu.

In takardar ta mutum ɗaya ce, sakamakon asibiti ko takardar haya ko ta kotu ko ta banki, wannan ba ta YouTube ba ce ko da Unlisted ne, a yi bidiyon a tura masa shi kaɗai, shi zai zaɓi wanda zai fassara masa, bayan ya samu a goge daga wayar mai ɗauka.

Masu ƙungiyoyi da makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ke kawo min aiki, yanzu kowa ya zo sai na tambaye shi ko ya yi tanadin kurame, wasu su ce ba kuɗi, sai in tuna musu akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Janairun 2019, Legas ma tana da tata tun 2011, kuma abin da za a kashe a bidiyon minti biyu bai kai kuɗin buga fasta mai kala ba. Ajiye asalin bidiyon da rubutun a Google Drive ko a memori, ka rubuta kwanan watan da aka yi shi a ƙarshen bidiyon, ranar da bayani ya canza ka san wanne zaka sake. Na rigakafin nan shi muka fi turawa, jiya ma wata mata daga Ijora ta aiko a tambayi ƙanina ko akwai irinsa na awon ciki, mun sa ranar Asabar, matarsa ce zata tsaya gaban kyamara.